Wutsiyar Jirgin Haladu

Karo na goma sha bakwai ke nan da Haladu baduku ya hau kan rumbun mai gari ya jefa jirginsa. Ya tafi sumul kamar taku arba'in, sai wutsiya ta kama karkarwa far-far-far, jirgi ya kifa kai cikin jujin Goggo A'i.

Jirgin na karan dawa ne, fukafukansa fatar akuya da aka kankare har ana ganin rana ta cikinta. A ƙarshen wutsiya akwai wani ɗan marfi mai lanƙwasawa sama da ƙasa, ɗaure da siraran igiyoyin ɗanyar fata. Haka Haladu ya ce ya gani a Kano, shekarar da jiragen Turawa suka fara sauka, lokacin ya je sayar da jakunkuna. Duk ƙauyen nan na bayan Ɗanzomo ba mai musawa, don ba wanda ya gani.

Mai gari Cindo ne ya ɗaure wa aikin gindi. So yake ranar da Bature zai zo rangadi daga Gumel ya tarar da jirgi na shawagi a kan garinsa, ko a ƙara masa girman rawani. Lokacin kuwa ana ɗiban maza zuwa aikin reluwe a Gagarawa, masu dawowa kuma da sanda suke dawowa. Sunan Haladu ne na gaba. Cindo ya ce ba mai taɓa shi muddin yana kan aikin jirgi, amma fa haƙurinsa ba kogi ba ne.

Nan da nan kowa ya zama malamin wutsiya. Ubale maƙeri ya ce marfin ya yi nauyi ta baya, a maƙala ɗan ƙarfe ta gaba. Goggo A'i, da ta gaji da tsinto jirgi a jujinta, ta ce ɗaurin ne ya yi sako-sako, ko akuya ba a ɗaure ta haka. Wani makiyayi ya ce a rage faɗinsa, a toshe kafar da iska ke shiga. Haladu bai taɓa gardama ba. Duk abin da aka faɗa sai ya yi, ya shanya jirgi a rana har ɗauri ya ƙame, in ka taɓa kamar ƙashi.

Abu ɗaya ne ba ya yarda a tsallake. Kafin kowace jifa sai ya durƙusa ya miƙa wa mai gari wutsiya ya yi mata tofin albarka. Cindo kuwa ba ya rabo da goro a kumatu.

"Ranka ya daɗe, ƙara kaɗan nan wajen ɗaurin, nan shaiɗanin yake."

Cindo ya ƙara, ya kuma ƙarawa, sannan ya yi wa jama'a doguwar huɗuba kan ci gaba, Haladu na tsaye da jirgi yana gyaɗa kai. Kowace jifa takan ɗara ta baya da taku biyu ko uku, daidai abin da zai hana haƙuri ƙarewa. Rani biyu ana haka. Wutsiya ta yi ja wur.

Ran nan ɗan aike ya zo da labarin cewa ƙarfen reluwe ya wuce Gagarawa, an daina ɗiban mutane. Washegari Haladu ya hau rumbu. Cindo ya tara yawu, sai Haladu ya ce albarkar da ta taru ta isa haka, ya jefa.

Jirgi ya miƙe ɗoɗar. Ya wuce juji, ya wuce rijiya, ya sauka lafiya lau a gonar gero. Maƙeri ya ce ƙarfensa ne, Goggo ta ce ɗaurinta ne, Cindo ya aika Gumel cewa bakinsa ne.

Cindo ne ya fi su gaskiya. Shekara talatin Haladu yana dukanci, tun yana yaro ya san ɗanyar fata in ta jiƙe, ko da yawu ne, sai ta saki.