Kukar da Inna Ta Nema

Tun shekarar da kukoki suka bushe, da garin ciyawar teku ake kaɗa miya a Ƙauran Gada. Motoci ke kawo shi daga kudu. Ma'aikatan asibiti sun ce yana ƙara jini, yana hana maƙoƙo, yana ƙarfafa ƙashi. Ba su yi ƙarya ba, yara sun yi ɓul-ɓul.

Amma da ciwo ya kwantar da Inna, mahaifiyar Barau, sai ta ƙi abinci. Ita miyar kuka take so, irin ta da. Kullum sai ramewa take.

Barau ya ja tunkiyarsa ya kai wa mai gadin kuka ɗaya tilo da ta rage, wadda hukuma ta kewaye da waya. Ya dawo da ganye ɓoye cikin hula. Matarsa Hansai ta shanya, ta daka, ta kaɗa da daddawa.

Inna ta lasa, ta ture kwanon, ta kau da kai.

"Sun cuce ka, ɗan nan. Wannan ba kuka ba ce."

"Inna, a gabana aka tsinko."

"Ni za ka koya wa kuka? Kuka ai ƙarnin kifi gare ta."

Barau ya juya wajen matarsa. Ya ce, "Hansai, zubo ta tekun."

Inna ta tashi da malmala guda tana sa masa albarka. Shi kuwa ya ja kwanon miyar kukar da ta ture, ya kai loma. Salam ya ji ta.