Harafi Ɗaya

Sakamakon gwajin jininsu, ita da saurayinta, na kan teburinta a asibitin da take aiki: shi AS, ita ma AS. Ga shi fasto ya ce ba zai ɗaura musu aure ba sai ya ga takardar.

Saurayin ya rage murya, ya miƙo mata biro. "Harafi ɗaya ne fa. Ki mai da naki AA, wa zai sani?"

Ta dubi biron, ta dubi zobensa a yatsarta.

"Yesu zai sani, ni ma zan sani."

"Wato ba kya sona."

"Ina sonka," ta ce. "Amma ranar da ɗanmu zai riƙa murƙususu da ciwon sikila, shi ma harafi ɗaya za mu ce masa?"

Hannunsa ya sauka a hankali.