Akawu da Majinyaci Mai Taurin Kai

Akawu ya taka fedar da ƙafarsa ta dama, amma muryar da ke kunnensa ba ta tsaya ba. Sai da ya sake takawa da ƙarfi sa'annan ta yi shiru. Ya ja tsaki irin na manya. Tun kwanakin baya yake kai ƙarar wannan feda ga duk wanda ya tsaya saurarensa.

Aikin nasa a asibiti, ga wanda bai sani ba, aiki ne na masu natsuwa. Likitoci kan naɗi bayanin majinyata da baki a na'ura, shi kuwa ya saurara ya mayar da shi rubutu, feda tana tsayar masa da muryar in ya buƙata. Ba a ambaton sunan kowa, sai lamba. Ya daɗe bisa kujerar nan har ta ɗauki siffarsa, kuma a ganinsa farar riga kaɗai ta raba shi da likita. Saboda haka ne da aka yi wa ma'aikata gwajin jini, ya miƙa hannu don ladabi kurum, bai ga dalilin komawa bin sakamako ba.

Naɗin yau na ƙanwar matarsa ne, likitar masu ciwon sukari.

"Dattijo ne mai jiki," in ji muryarta. "Sukarinsa ya haura ƙwarai. Ba ya zuwa ganin likita, domin ya ɗauka ya fi likitoci sani."

Akawu ya yi dariya har tumbinsa ya girgiza. Ya jawo aljihun tebur, ya ɓare alewa ya jefa a baki, ya dubi abokiyar aikinsa ta tebur na kusa.

"Maƙwabciya, yau Allah ya haɗa ni da shugaban jahilai."

"Allah ya shirye shi, Baba Akawu," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Ya kurɓi ruwa, ya saki muryar.

"Matarsa ta hana shi zaƙi a gida, sai ya koma ɓoyewa a wurin aiki. Ƙafarsa ta soma daina jin taɓi. In bai fara magani cikin makon nan ba, yana iya rasa ta."

Nan dariyar ta ragu, tausayi ya kama shi.

"Da zan sami bawan Allahn nan," ya ce, "da na ja masa kunne da kaina. Mutum da girmansa!"

Ya nufi tsayar da naɗin domin ya ɓare alewa ta biyu. Ya taka, ya kuma takawa, muryar ta ci gaba abinta.

"Wannan kada ka buga shi, mijin Yaya. Fedar nan lafiyarta ƙalau, ƙafarka ce ba ta jin ta, don haka tofar da abin da ke bakinka ka hauro ofishina, ga Yaya nan zaune tana jiranka."