Kicin Ɗin da Warsiti Ta Zaɓa

Fari Warsiti take so. Tayil fari mai ɗan kaushi, wanda ko ruwan wankin shinkafa ya zube ba zai kwashe ƙafar tsohuwa ba. Ta ɗauki hotonsa a wani shago a Hong Kong ranar Lahadi, ranar hutun masu aikatau, ta tura wa ƙanwarta Rukmini can ƙauyensu a bayan garin Ponorogo na ƙasar Indonesiya.

Kwana uku shiru. A na huɗu amsa ta zo.

"Yaya, farin nan kwali ɗaya rupiya dubu casa'in ne, sai dai mu shimfiɗa rabi mu bar rabi. Amma akwai ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo, dubu hamsin da biyar, kuma ba ya nuna dauɗa."

Warsiti ta ciji leɓe ta ce a saya. Da babu gara ba daɗi.

Shekararta shida tana goge banɗakin mutane tana juya wani tsoho a kan gado. Kuɗin shekara biyun farko mijinta ne ya bi ta kansu, ya ce shago zai buɗe, daga shi har shagon ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Abin ya ci ta ƙwarai. Ta rantse ko sisinta ba zai ƙara bi ta hannun bare ba, naka sai naka. Rukmini kuwa a bayanta ta girma.

Burinta guda ne. Innarsu ta haura saba'in, har yau a tsugune take girki a kan daɓen ƙasa, gaban murhun itace. Da damina wurin caɓewa yake, sau biyu tana zamewa. Warsiti ta ɗauki alkawari kafin ta dawo sai tsohuwar nan ta yi girki a tsaye.

Aka zo kan fenti. Ita ruwan madara ta zaɓa. Rukmini ta yi mako guda tana yawon kasuwa, in ji ta, sannan ta ce an karya farashin kore, bokiti biyu a kuɗin ɗaya. Warsiti ba ta ƙaunar kore ko a riga, amma ta haƙura. Wurin wanke-wanke ta so shi a bakin ƙofa, magini ya ce bututu zai ci kuɗi, sai dai a ƙarƙashin taga. Ita kanta tagar ta koma hagu, wai don iska. Duk abin da ta zaɓa sai a samo mai araha da ya ture shi, ita kuma sai ta yaba wa ƙanwarta iya tattali.

Hotuna dai ba su taɓa yankewa ba. Yau tarin yashi, gobe layin tayil na farko, jibi bango ya sha shafe. Aikin ya fi ƙarfin abin da ta tara, sai ta ƙara sa hannu a kan kwantiragin aikatau na shekara biyu, ta yi kukanta a banɗaki inda uwar ɗakinta ba za ta ji ba. Ranar Lahadi kuwa, idan sun baje kwalaye sun zauna a ƙarƙashin gada ita da 'yan garinsu, wayarta ce ke zagayawa.

"Su Warsiti manya! Wannan ai sai da takalmin asibiti za a shiga."

Abu ɗaya ta roƙa ba ta samu ba, hoton Inna a tsaye a ciki. Kullum Inna tana gona, ko tana barci, ko kuma kin san ta da gudun hoto. Idan an miƙa mata waya, kunnen ya yi nauyi.

"Inna, kicin ya yi miki?"

"Eh, 'yar nan, ana ta ruwa."

Tsohon da take jinya ya rasu a watan da ba ta zata ba, 'ya'yansa suka sallame ta da tikiti. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta sayi tukwane masu murfin gilashi, ta rungumo su tun daga jirgi har mota.

Ɗan acaɓan da ya ɗauke ta a tasha ya ce kada ta wahalar da kanta, babu kowa a gidansu. Bu Darmi, matar mai injin casar shinkafa, tana aurar da ɗanta, matan ƙauyen kaf suna can suna gayyar girki, yau kwana biyu. Mace kuwa ba ta shiga gidan gayya ta ƙofar gaba, ta baya ake bi, inda tukwane suke. Warsiti ta bi ta baya kamar kowa.

A bakin ƙofa ta tsaya cak. Mata goma sha suna kankare kwakwa suna yanka albasa, ga Inna a gefe tana tsinke barkono. Amma ba su take kallo ba. Ta san ɗakin nan, tayil ruwan ƙasa, bango kore, taga a hagu. Ta san shi ɗigo-ɗigo, kusurwa-kusurwa, alhali ƙafarta ba ta taɓa taka shi ba.

Rukmini ta ɗago kai. Wuƙar hannunta ta faɗi ƙasa.

Bu Darmi ta taso da guɗa ta rungume baƙuwa, ta ga inda idonta ya kafe, sai ta washe baki.

"Ya burge ki ko? Ni na zaɓi komai da kaina. Tambayi ƙanwarki, tun ranar da aka sauke yashi take zuwa tana ɗaukar hoto, baiwar Allah, wai ko wata rana ku ma Allah zai raba ku da daɓen ƙasan nan naku."