'Yan Tsakin da Ba Su San Uwa Ba

Kwana shida ke nan abinci ba ya min daɗi. Kullum da safe sai na tsinci gawar 'yan tsaki biyu ko uku a akurki, jiya ma har biyar. Mu nan Pankshin sanyi ba ya wasa, kuma yanzu ya fara. Na kai kukana wurin Gwaggo Tabawa, ƙanwar babana. Ta dube ni ta ce, "Zauna, Hansatu, in ba ki wani misali."

Ta ce an yi wata mata a kan dutse, tana da kajin gida huɗu, ƙanana, masu gashi cunkus. Ba wani nama gare su ba, amma in sanyi ya sauko kowace sai ta buɗe fukafukai 'ya'yanta su shige. Ran nan matar ta sauka kasuwa ta ga fararen kajin gidan gona, ƙirji kamar ƙwarya. Ta koma ta kwaso nata huɗun ta bayar, ta karɓo kwali cike da 'yan tsakin inji, waɗanda ba su taɓa kwana ƙarƙashin uwa ba. Sanyi ya zo. Suka dunƙule a lungu, na sama suna danne na ƙasa. Tausayi ya kama ta, ta sa musu kaskon gawayi, ta bi duk wata kafa ta toshe da tsumma kada iska ta shiga. Da gari ya waye ta buɗe ƙofa, ga ɗumi, amma shiru. Wanda sanyi ya bari, hayaƙi ya ɗauke. Ta koma kasuwa neman kajinta na da, aka ce ai tuni sun shiga tukunya.

Gwaggo ta tsaya nan. Ni kuwa sai hawaye, don ban gaya mata ba, ni ma kajina biyar na bayar, waɗanda ƙwansu yarana ke ci kafin su tafi makaranta. Gawayin ma na riga na sayo.

Cikin 'yan tsakin inji talatin da na karɓo, saura goma sha ɗaya. Maƙwabciyata Maman Nanret, wadda ta iya kiwon irinsu, ta ce in ba ta su duka, ta ba ni kaza ɗaya mai kwanci. Ɗaya fa, jama'a, a madadin biyar. In na riƙe su kuma, ban san ko guda zai ga ƙarshen wata ba. Don Allah ku da kuka san kiwo, in karɓa ne, ko yaya zan yi? Ni dai yau na gane abin da Hausawa suke faɗa: garin neman ƙiba an samo rama.