Shafin Masu Ba da Jini

"Har yanzu juyawa yake yi?" in ji Yaya Ladi, tana leƙen wayar ƙanenta Sagir a barandar asibiti.

Juyawa yake yi. Inna na kwance a ciki, likita ya ce a nemo mai irin jininta kafin la'asar. Shafin ƙungiyar masu ba da jini na Katsina kuwa sai ƙawa. Wani jan ɗigo ya yi ta rawa a allo, sannan aka ce Sagir ya buɗe asusu a shafin, sannan ya zaɓi hotunan da ke da danja. Yana gama zaɓa, netwok ya ɗauke, komai ya koma farko.

"Bara da Baba ya kwanta ba haka yake ba," in ji Ladi. "Fari ne fat, suna da lamba kawai. Da 'yar ƙaramar wayata na samo wani bawan Allah a Ƙofar Durbi. Mi ya kai su taɓa shi?"

"An ce ya tsufa ne, Yaya."

"Ya tsufa! Wanda duk ya lalata shi, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Ka yi shiru? Ba uwarka ba ce a ciki? Ka ce amin mana!"

"Amin," in ji Sagir a hankali.

Ya ƙara danne ƙasan allon da babban yatsansa, daidai inda aka rubuta da ƙananan haruffa: "Sagir Yari ne ya sabunta wannan shafi."