Wankan Yaya Ilu

Yaya Ilu ya rasu ranar Laraba, a kwanakin tsuntsaye, lokacin da duk randunan garin suka ƙafe. Tun da aka kewaye fadama da waya haka dokar take: kwana uku ruwa na mutane ne, kwana huɗu na tsuntsaye.

Ƙaninsa Haladu ya ɗauki jarka biyu ya nufi ƙofar fadama. Bai yi kuka ba, ƙafafunsa ne kawai ke tafiya.

Mai gadi Ɗanlami, wanda suka yi shekaru suna kamun kifi da mamacin, ya miƙe.

"Allah ya jiƙansa. Wallahi Haladu, ba a hannuna take ba. Ƙofar nan ita ke buɗe kanta, sai Juma'a."

"Na wankan gawa ne kawai."

"Na sani."

Haladu ya leƙa ta cikin waya. Ga ruwa iya ganin ido, agwagi biyu suna iyo abinsu.

Ya juyo gida. Liman ya dubi jarkokin, ya ce a kawo ƙasa mai tsarki.

Mutumin da ya shekara hamsin cikin ruwa, da taimama aka kai shi.